Ribar da banki ke shela ba ita ce shaidar lafiyarsa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan bankunan kasuwanci, domin na lura duk lokacin da suka fitar da lissafin ƙarshen shekara, abin da ke hawa kanun labarai shi ne yawan ribar da suka ci. Wannan ya ci biliyan ɗari kaza, wancan ya ninka ta bara, a lissafin 2024 har an samu waɗanda ribarsu ta haura naira tiriliyan ɗaya. Mai karatu ya gani ya ce shi ke nan, wannan banki ya fi ƙarfin faɗuwa. Ni na yi aikin banki a nan Jos, a sashen ba da rance, kafin in ajiye in koma riƙe wa wata ƙungiyar dillalan dankalin turawa da kayan gwari littafin kuɗinta a kasuwar Farin Gada. Abin da na sani shi ne banki na iya shelar riba a watan Maris alhali ciwon da zai kai shi ƙasa ya riga ya ci rabin jikinsa.

Banki ba da kuɗinsa yake kasuwanci ba, da kuɗin masu ajiya yake yi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce jarin masu banki kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na abin da ya zuba a rance da sauran harkokin da ke da haɗari, ko kashi 15 idan bankin yana da lasisin aiki har ƙasashen waje. A taƙaice, cikin kowace naira 100 da ta fita rance, naira goma ko sha biyar ce ta masu bankin, sauran tawa ce da taka da ta mai shayin bakin tasha. To idan naira goma ta maƙale a hannun wanda ba zai biya ba, jarin ya tafi, asarar da za ta biyo baya kuma a kan kuɗin mutane za ta sauka. Shi ya sa aka ce bashin da ya ƙi biyuwa kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na dukan rancen da banki ya bayar.

Ruɓaɓɓen bashi ta ko'ina yake cin riba. Kuɗin ruwan da ake jira ya daina shigowa, amma albashi da man janareto da hayar gini da abin da ake biyan masu ajiya ba su daina fita ba. Sannan doka ta ce rancen da ya kwana 90 ba a biya ba a fitar da shi daga sahun masu lafiya, a fara gutsurar riba ana ajiyewa saboda shi, idan ya kai shekara kuwa a ware kwatankwacinsa gaba ɗaya a ɗauka ya tafi. A nan ne rufa-rufa ke farawa. Ba shugaban bankin da ke son tsayawa gaban masu hannun jari ya ce an yi asara. Sai a kira mai bashin a ce an sabunta masa, a ba shi sabon rance ya biya kuɗin ruwan tsohon, kuɗi su fita ta wannan shafi su dawo ta wancan, ko kwabo bai shigo daga waje ba. A littafi bashin lafiyarsa ƙalau, kuɗin ruwan an rubuta shi cikin abin da aka samu, daga nan a raba wa masu hannun jari riba, manya su karɓi kyautar ƙwazo. Duk wanda ya taɓa sayen buhun dankali ya san manyan da ake jerawa a baki ba su ne ke faɗa maka abin da ke gindin buhu ba. Rahoton shekara bakin buhu ne.

Wa ke cin irin wannan bashi? Ba mai injin niƙa na kasuwar Katako ba ne. An taɓa aiko mana da fayil daga hedikwata a Legas, na wani kamfani da ke neman rance mai kauri, wai zai gina rukunin gidaje. Jinginarsa fili ne a hanyar Bukuru. Takardu sun cika, hatimi ko'ina, mai ƙiyasta kadara ya sa hannu. Manaja ya ce in je in gano. Ni da direba muka bi duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya, sai ga mu a bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza, irin waɗanda kamfanonin Turawa suka bari, ruwa kore shar, mata na wanki a gefe, wani mai lambu ya jona injin ban-ruwa yana shayar da kabeji. Fiye da rabin filin yana ƙarƙashin ruwa. Na dawo na rubuta abin da na gani. Bayan 'yan kwanaki manaja ya kira ni ofis, ya tura ƙofa, ya ce, "Malam, rahotonka ya yi, amma mai kamfanin nan surukin ɗaya daga cikin daraktoci ne. An riga an saki kuɗin daga can." Na ce, "Yallaɓai, to me ya sa aka tura ni?" Ya ce, "Don fayil ya cika." A daidai wannan lokacin akwai wani bawan Allah da ke ta zirga-zirga a kantarmu yana neman ɗan abin da zai sayi injin niƙa na biyu, an ce sai ya kawo ma'aikatan gwamnati biyu su tsaya masa, da takardar gida, da lissafin cinikin shekara. Ya gaji ya daina zuwa. Shi da zai biya bai samu ba.

Kada a ce labarin wani reshe ne a Filato. Tarihin ƙasar nan cike yake da irinsa. A Janairun 1998 an soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda, kuma babban abin da ya kashe da yawansu shi ne rancen da masu bankin suka ba kansu da 'yan uwansu. A 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Aka ce an gama da matsala. Kuɗi suka yi wa bankuna yawa, suka shiga ba da rance ana sayen hannun jari, har da na bankin da ya ba da rancen, suka kuma zuba wa masu shigo da man fetur. Da 2008 ta zo, kasuwar hannun jari ta rushe, farashin ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 140 zuwa ƙasa da 40, jinginar ta zama takarda. Ranar 14 ga Agusta, 2009, gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da FinBank, aka zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara da wasu, jimillar ta kai biliyan 620. Abin lura, Intercontinental da Oceanic ba ƙananan bankuna ba ne. Suna cikin manya na sahun gaba, suna shelar riba, ana ba shugabanninsu lambobin yabo. Da masu bincike suka zazzage littafin, ribar ta koma asarar biliyoyi, aka kuma gano sun daɗe suna dogara da rancen gaggawa daga Babban Banki kafin su iya biyan masu cirar kuɗi.

Na san 'yan fansho a garin nan da suka kwashe kuɗin sallamarsu suka sayi hannun jarin bankuna a 2007, lokacin da ake talla a rediyo safe da yamma. Waɗanda suka saya a Afribank da Bank PHB da Spring Bank, da aka karɓe bankunan a Agustan 2011 aka sauya musu suna zuwa Mainstreet da Keystone da Enterprise, ko sisi ba su tsira da shi ba. Masu ajiya an kare su, masu hannun jari kuwa sai haƙuri.

To wa ya biya kuɗin maganin? A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan don bankuna su numfasa. A Satumban 2018, da aka soke lasisin Skye Bank aka kafa Polaris a madadinsa, AMCON ta zuba naira biliyan 786. Har yau kowane banki yana biyan wani kaso na kadarorinsa duk shekara don cike wancan rami, kuma babu bankin da ke ciro wannan kuɗi daga aljihun darakta. Daga wurinmu yake fitowa: kuɗin kula da asusu, kuɗin saƙon tes, kuɗin kati, kuɗin tura kuɗi. Gaskiya ɗaya, naira hamsin ɗin da ake cira idan turin ya kai dubu goma harajin gwamnati ne, ba na banki ba, kada a ɗora musu abin da ba nasu ba. Amma sauran nasu ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da yawa daga cikin manyan da suka ci bashin suna nan suna yawo da jerin motoci, shari'a na tafiya daga wannan kotu zuwa waccan.

Akwai kuma asarar da ba a gani a alat. Bankin da bashi ya taɓa ƙona shi yakan ɗaure bakin jaka, kuma ba ga manyan da suka ƙona shi yake ɗaurewa ba, ga na ƙasa yake. Ya gwammace ya sayi takardun lamunin gwamnati ya kwanta ya yi barci. Ga shi Babban Banki, a yaƙin da yake yi da hauhawar farashi, ya kai kason ajiyar da yake riƙewa daga bankunan kasuwanci zuwa kashi 50 cikin 100 a Satumban 2024, ma'aunin kuɗin ruwansa kuma ya kai kashi 27.5 kafin ƙarshen shekarar. Ɗan abin da ya rage na rance sai ya yi tsadar da ɗan kasuwa ba zai iya ba. A ƙungiyarmu akwai masu loda tirela daga Bokkos da Mangu zuwa Legas da Fatakwal, kuɗin da ke ratsa asusunsu a kaka ba kaɗan ba ne, amma da wuya ka ji wanda banki ya ba jari. Da adashe da amana ake juya harkar. Banki ya san su lokacin karɓar ajiya, bai san su ba lokacin ba da rance.

Ribar nan ta 2023 da 2024 da ake ta yayatawa ma ya kamata a dube ta da kyau. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460, kafin a je ko'ina ta wuce 1,500 a farkon 2024. Bankin da ke riƙe da dala sai lissafinsa ya kumbura a naira ba tare da ya yi wani sabon ciniki ba. Gwamnati da kanta ta gane haka, shi ya sa aka sa harajin kashi 70 cikin 100 a kan irin wannan garaɓasa. Amma faɗuwar nairar da ta kumbura riba ita ce ta ninka nauyi a kan duk wanda ya ci bashin dala yana samun kuɗinsa a naira, irin kamfanonin da suka sayi tashoshi da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013. Garaɓasa sau ɗaya take zuwa, bashin kuwa yana nan. Ba banza ba a Yunin 2025 Babban Banki ya hana bankunan da ke cin gajiyar sassaucin da aka yi musu kan wasu manyan basussuka raba riba da biyan manyansu kyautar ƙwazo har sai sun gyara littafinsu. Wannan umarni ya fi kowane kanun labari faɗa mana gaskiyar abin da ke ciki.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mai karatu kai tsaye. Ranar 3 ga Yuni, 2024, aka soke lasisin Heritage Bank, aka miƙa shi ga hukumar inshorar ajiya ta NDIC. Allah ya taimaka, wata guda kafin nan an ɗaga abin da inshora ke biyan kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, na ƙananan bankunan al'umma kuma daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Masu ƙaramar ajiya da dama sun ga kuɗinsu a wani asusunsu na daban ta hanyar lambar BVN. Amma a ɗauka wata ƙungiya ce ko makarantar Islamiyya ko kwamitin ginin masallaci ke da miliyan 20 a ciki. Asusun ƙungiya mai ajiya ɗaya ne a lissafi, ko da mutum ɗari ne suka tara kuɗin. Za a ba su miliyan 5, sauran 15 sai an sayar da gine-ginen bankin an kuma karɓo bashin da yake bin mutane. Kason farko da NDIC ta sanar a Afrilun 2025 bai wuce kwabo tara da ɗoriya a kowace naira ba. Wato a kan miliyan 15 ɗin, abin da ya zo a wancan zagaye bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, ga kuma hauhawar farashi na cin abin da ya rage kullum. Tun daga lokacin na kafe wa shugabanninmu sai da muka raba kuɗin ƙungiya a bankuna daban-daban, duk da ƙorafin ma'aji cewa na ƙara masa yawo.

Sai dai tsoro ma yana da nasa ɓarnar. A makonnin da suka biyo bayan rufe wancan banki, saƙonnin murya suka cika WhatsApp, ana lissafo sunayen bankunan da wai su ne na gaba, har sai da Babban Banki ya fito ya ƙaryata. Wata Hajiya mai sayar da tumatir da attaruhu ta same ni a rumfa da sassafe, mayafi a kafaɗa, waya a hannu, ta ce, "Baba Sakatare, ka ji abin da ake faɗa? Ni yau zan kwashe nawa in kai shago." Na tambaye ta nawa ne a ciki. Ta duba hagu da dama, ta raɗa mini. Bai kai miliyan biyu ba. Na ce, "Hajiya, naki ko bankin ya rufe gobe gwamnati za ta biya ki cif. A shago wa zai biya ki?" Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Terminus ta nan Jos a 2002 ya san abin da wuta ke yi wa kuɗin da aka ɓoye a shago. Ta yi shiru, ta ce za ta yi shawara da maigida. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ko lafiyayyen banki ba ya ajiye kuɗin kowa a durowa. Abin da doka ta wajabta masa ya riƙe a matsayin kuɗin hannu ko abin da za a iya mayarwa kuɗi nan take kashi 30 ne cikin 100. Idan kowa ya zo rana ɗaya, babu bankin da zai tsaya. A Amurka, a Maris na 2023, masu ajiya sun nemi cire dala biliyan 42 daga Silicon Valley Bank a yini guda, ta waya, washegari hukuma ta rufe shi. Mai tura jita-jita yana iya kashe bankin da kuɗin mahaifiyarsa ke ciki.

Ɗaukewar sabis ko tsayawar na'urar cirar kuɗi ba su ne alamar ciwo ba, wannan ruwan dare ne. Abin da ni ke tayar mini da hankali shi ne in ga banki na bin mutane gida-gida yana alkawarin kuɗin ruwan da ya zarce na kowa a kan ajiyar wa'adi, ko ya wuce lokaci bai fitar da lissafin da masu bincike suka tantance ba, ko a nemi cire kuɗi mai ɗan yawa a yi ta cewa a dawo gobe mako bayan mako. Bankin da ke sayen ajiya da tsada yana toshe wani rami ne, kuma tsadar tana ƙara cinye ɗan abin da ya rage masa na riba.

A Maris na 2024 gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya sake ɗaga jari: naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na shiyya, da wa'adi zuwa 31 ga Maris, 2026. Ina goyon baya, domin biliyan 25 ta zamanin Soludo faɗuwar naira ta riga ta cinye ta. Amma an yi ƙarin jari a 2005, shekara huɗu kacal aka koma ceto. Jari yana ƙara wa banki ƙarfin ɗaukar duka ne, ba ya hana surukin darakta shigowa da fayil. Umarnin da aka bayar a Fabrairun 2025, cewa duk daraktan da ke da bashin da ya ƙi biya a bankinsa ya sauka daga kujera, shi ne ya fi kusa da inda ciwon yake, idan har za a bi shi ba sani ba sabo. Bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su ma ba su fita daga wannan lissafi ba. Wanda ya karɓi kaya a kan murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa bashi da ribar da suka amince, ya ƙi biya, ya ja wa banki asara daidai da kowane mai taurin bashi.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya, duk zagayen haɗewa da aka yi, mu ne ke rasa bankin da ya san mu. Lion Bank da hedikwatarsa ke nan Jos ya narke cikin Diamond a 2005, Diamond ya narke cikin Access a 2019. Bank of the North na Kano ya shige cikin Unity. Inland Bank na Bauchi ya bi ta First Inland da FinBank ya ƙare a FCMB. Yau wanda zai yanke hukunci kan rancen manomin dankali yana zaune a Legas, bai san watan da ake haƙa ba, balle ya san cewa ciwon da ke ƙona ganyen dankali a damina na iya cinye gona cikin mako guda. A wurinsa duk Filato haɗari ce, sai ya ja layi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan wakilanku za su kawo labarin ribar banki, su ɗora mana da kason bashinsa da ya ƙi biyuwa, da ƙarfin jarinsa, da yawan rancen da ya ba daraktocinsa da makusantansu. Duk suna cikin rahoton da bankunan ke wallafawa, sai dai a can shafukan baya, da Turancin da ko mu da muka yi aikin sai mun sa tabarau. Ku fassara mana su.

Su kuma NDIC da reshen Babban Banki na nan Jos, su daina tsayawa a taron otal. Su shigo Farin Gada da Katako da kasuwar kara ta Bukuru da kasuwar Mangu ranar Juma'a, su faɗa wa mutane da Hausa nawa inshora ke biya, wane irin asusu ta shafa, da inda mutum zai je idan bankinsa ya rufe. Mu a ƙungiyarmu muna zama duk ƙarshen wata bayan la'asar. In sun sanar da mu da wuri, benci da lasifika da tara jama'a duk mun ɗauka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin banki,
Farin Gada, Jos, Jihar Filato.